Dala 1,500 da na biya mai lissafin matuƙa a 2008: inda ya yi daidai da inda ya yi kure

Shekara 17 ina riƙe da wannan sharhi a ciki ban rubuta ba. Makaniki in ya gyara maka mota, kafin ka kai gida ka san ko ya iya. Mai ba da shawara kan kuɗin ritaya kuwa, sai ka yi furfura, ka rataye hula, ka ajiye jakar tafiya, sannan za ka gane ko gaskiya ya gaya maka ko daɗin baki ne kawai. Ni na rataye tawa a ƙarshen 2023, da na cika shekara 65, domin dokar Amurka ba ta barin matuƙin jirgin fasinja na manyan kamfanoni ya wuce nan ko da kwana ɗaya.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wayar da ɗan wani aminina ya yi mini. Yana tuƙi a Hawaiian, kamfanin jirgin saman da Alaska ta kammala saye a watan Satumban 2024. Bayan mun gaisa ya ce, "Kawu, abokan aikina suna ta zuwa wurin masu lissafin nan da ke kwatanta albashi da fanshon kamfanonin biyu. Kuɗin da suke karɓa ba kaɗan ba ne. In je ko asara ce?" Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Na sauka ɗakin ƙasa na tono wani koren fayil da ƙura ta rufe, mai ɗauke da rahoton da wani ofishin masu lissafi ya rubuta mini a 2008 lokacin haɗewar kamfaninmu Northwest da Delta, na zauna na karanta shi shafi-shafi, ina gwada abin da aka rubuta da abin da Allah ya nuna mini.

Ba zan kama sunan ofishin ba, don akwai yabo akwai suka, kuma mutumin da ya kafa shi ya bar aiki tuni.

A Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya na fara. Na ƙetaro Amurka ina saurayi, na yi shekaru ina jan ƙananan jirage masu farfela daga wannan ƙauye zuwa wancan, a kan albashin da ba ya kai ƙarshen wata. A 1996 Northwest ta ɗauke ni. Da 2008 ta zo ina da shekara 50 a duniya, 12 a kamfani, ina kujerar dama a jirgin A330, wato mataimakin kyaftin, daga Detroit zuwa Amsterdam. Ina son hanyar nan ba don komai ba sai don KLM, ƙawar Northwest, tana sauka Kano. In na sami hutu sai in haye, da dare ina cin tuwo a gidanmu.

Wanda bai san aikinmu ba yana zaton albashin wata ake yanka mana kamar ma'aikacin gwamnati. Ba haka ba ne. Da awa ake biya, kuma ba duk awar da ka yi a bakin aiki ba, sai wadda jirgi ya bar ƙofa har ya tsaya a wata ƙofar. Doka ta hana ka wuce awa 1,000 na tashi a shekara, don haka in kana son ƙiyasin abin da matuƙi ke samu a shekara, ninka kuɗin awarsa sau dubu, ba za ka yi nisa da gaskiya ba. Kuɗin awar kuma abu uku ne ke yanka shi: girman jirgin, kujerar da kake kai, da shekarunka a kamfanin. Wa ke zaɓar maka jirgi da kujera? Lambarka a jerin siniyoriti. Ita ce ke cewa ko za ka yi Sallah a gida ko a otal, ko za ka zauna Detroit ko a tura ka wani gari, ko kai za a fara sallama in kasuwa ta faɗi. Kuma lambar ba ta bin mutum. Kyaftin mai shekara 25 in ya koma wani kamfani, daga can ƙasa zai fara, bayan yaron da aka ɗauka jiya.

Ranar 14 ga Afrilun 2008 aka sanar cewa Delta da Northwest za su zama abu ɗaya. Ɗakin hutun matuƙa ya koma kasuwar Kurmi. Kowa da takardar da ya buga daga intanet, jadawalin kuɗin awa na Delta a hagu, namu a dama, ana ta ja da biro. Nasu ya ɗara namu, kowa ya san haka. Kamfanonin biyu sun shiga kotun fatarar kuɗi rana ɗaya, 14 ga Satumban 2005, kuma matuƙan kowanne sun yarda an zabge musu albashi sau biyu: na Delta kashi 32.5 cikin 100 sannan kashi 14, mu kuma kashi 15 sannan kusan kashi 24. To sai ga labarin cewa matuƙan Delta sun riga sun ƙulla tasu yarjejeniyar da kamfaninsu ba da mu ba. Ran mutane ya ɓaci. Wani kyaftin da muke tafiya tare ya ce da ni, mu ne za mu zama agola a gidan nan.

Shi ne ya ba ni lambar wayar ofishin. Ɗaki biyu ne a saman wani shagon gyaran tabarau, ba nisa da filin jirgi. Mai wurin tsohon matuƙi ne da ciwon zuciya ya raba da lasisinsa, ya koma ya karanci harkar kuɗi. Shi da wata mata mai amsa waya, shi ke nan ma'aikatan. Sharaɗinsa a fili yake: dala 1,500, zama uku, rahoto a rubuce, ba ya sayar da inshora, ba ya riƙe kuɗin kowa. Na ji kuɗin a jikina, don a lokacin ina biyan makarantar yara biyu a nan da huɗu a gida. Matata Hajiya ta ce, "Alhaji, kuɗin buhun shinkafa nawa ke nan don mutum ya karanta maka takarda?" Ban iya ba ta amsa ba, na dai tafi.

Na shimfiɗa masa jadawalin nan na kuɗin awa da na zo da shi, ina ji da kaina. Ya dube shi kamar minti ɗaya ya kife a kan tebur. Ya ce wannan takarda ita ce mafi ƙarancin amfani a duk abin da na kawo, domin ba a taɓa barin mutum biyu a ɗakin tuƙi ɗaya, kamfani ɗaya, ƙungiya ɗaya, suna karɓar kuɗi iri biyu har abada ba. Ko ba daɗe ko ba jima za a daidaita. "Abin da ba za a daidaita ba," in ji shi, "shi ne inda za a sa ka a layi, da kuma wanda ke riƙe da fanshonka." A nan ya ci kuɗinsa. A watan Yuni aka cimma yarjejeniyar haɗin gwiwa, a Agusta matuƙan ɓangarorin biyu suka jefa ƙuri'a suka amince, aka ɗaga mu zuwa kuɗin awar Delta, da ƙarin kashi 5 a 2009 da kashi 4 a kowace shekara har 2012. Abin da muka kwashe watanni muna tayar da jijiyar wuya a kai, cikin wata huɗu ya zama tarihi.

Shafukan fansho su ne zuciyar rahoton, kuma har yau ban ga wanda ya bayyana lamarin a sauƙaƙe kamarsa ba. Kamfanonin biyu a da suna da fansho irin na gargajiya, wanda ake lissafawa da shekarun aikinka da albashinka na ƙarshe-ƙarshe, a riƙa biyanka duk wata har ka koma ga Allah. Fatara ta raba hanyarsu. Na matuƙan Delta an rushe shi a 2006, aka miƙa wa PBGC, hukumar gwamnatin tarayya da aka kafa a 1974 don ta tsaya wa fanshon kamfanonin da suka durƙushe. Namu kuma an daskarar da shi a farkon 2006: abin da ka tara yana nan, amma ba ya ƙaruwa. Wata doka da aka yi a waccan shekarar ta ba kamfanonin jiragen da suka daskarar da nasu shekara 17 su cike giɓin asusun, ita ce ta cece shi.

Mu a ɗakin hutu mun ɗauka mun fi su, tunda namu yana raye nasu ya mutu. Sai ya nuna mini cewa lissafin ba na kowa da kowa ba ne, na mutum ɗaya-ɗaya ne. PBGC tana da rufin da ba ta wucewa. Ga asusun da aka rushe a 2006, rufin dala 47,659 ne a shekara ga mai shekara 65. Mai shekara 60 kuwa kashi 65 cikin 100 na wannan yake samu, wato wajen dala 31,000. Ga kuma abin takaici: a lokacin doka ce ke tilasta wa matuƙi ya sauka a 60, sannan hukumar ta lissafa shi a matsayin wanda ya yi ritaya da wuri. Kyaftin ɗin da ya sa ran ninki uku na wannan, shi ne aka yi wa yankan ƙauna. Haka ta faru da matuƙan US Airways a 2003, haka ta faru da na United bayansu. Matuƙan Delta dai an ba su takardar bashi ta dala miliyan 650 da wani kaso a kotun fatara a madadin abin da suka rasa, kuma da yawa daga manyansu sun hango hadarin, suka karɓi rabin fanshonsu a dunƙule suka fice tun kafin a rufe ƙofa.

Sai ya juyo kaina. Shekarata kusan goma kacal a asusun kafin a daskarar da shi, abin da zai ba ni ɗan sama da dala 2,000 ne a wata. Ya ce, "Naka yana ƙarƙashin rufi. Ko gobe sabon kamfanin ya faɗi, kusan dukansa za ka samu. Daina rasa barci a kansa. Amma kuma daina kiransa fansho, kuɗin cefane ne, kuma ba ya bin tsadar kaya. Abin da zai saya maka ranar da ka sauka bai kai abin da zai saya yau ba." Ya ce ritayata ta gaskiya tana cikin asusun 401(k), inda kamfani ke zuba wani kaso na albashina duk wata, ni ma in ƙara nawa, kuɗin kuma nawa ne da sunana, kotun fatara ba ta taɓa shi.

Wannan magana ta shige ni fiye da yadda ya zata, saboda abin da bai sani ba. Abokan karatuna na Zariya da suka zauna a gida, da yawansu Nigeria Airways suka yi wa aiki. An rufe kamfanin a 2003, har 2018 ana maganar biyan tsofaffin ma'aikatansa haƙƙoƙinsu, wasu sun rasu suna jira. Na san ma'anar alƙawarin da ke hannun wani. Daga wannan watan na cika asusun 401(k) ɗina har iyakar da hukumar haraji ta yarda, ban ƙara ragewa ba.

Kan batun layi, bai yi mini duba ba, kuma na gode masa. Abin da ya yi shi ne ya zana mini hanyoyi uku da za a iya bi wajen haɗa matuƙan Delta kusan 7,000 da namu kusan 5,000, ya lissafa shekarar da zan kai kujerar hagu, wato ta kyaftin, a kowace. Ɓangarenmu yana son a bi ranar ɗaukar aiki, don mun fi su tsufa a aiki, tunda manyansu sun fice da wuri. Su kuma suna son a saƙa jerin biyu bisa kaso, kowa ya tsaya kusa da inda yake a nasa gidan. Ya ba ni labarai biyu don in san iyakar muni. Na farko TWA, da American ta saya a 2001, aka jera da yawan matuƙanta a can ƙasan layi, da aka zo sallama su aka fara kora. Na biyu US Airways da America West: mai sasanci George Nicolau ya fitar da jeri a 2007, matuƙan ɓangaren US Airways suka ƙi yarda, suka fice daga ƙungiyar matuƙa ta ALPA suka kafa tasu, aka shiga kotu. Ya ce in suka ci gaba a haka za su daɗe a kan albashin fatara. Haka kuwa aka yi, sai da haɗewarsu da American ta zo a 2013 suna nan da kwantiragi biyu.

Mu ba baƙi ba ne a irin wannan rigima. Northwest ta haɗiye Republic a 1986, kuma shekara ashirin bayan nan ana kiran mutum da launin littafinsa: ja ga 'yan asalin gida, kore ga 'yan Republic, shuɗi ga irinmu da muka zo daga baya. Za ka zauna da kyaftin awa takwas a sama yana ba ka labarin zaluncin da aka yi masa tun kana makaranta. Kishiyoyi ma sukan gaji su shirya, matuƙa ba sa gajiya.

An kammala haɗewar ranar 29 ga Oktoba, a Disamba kuma masu sasanci uku ƙarƙashin Richard Bloch suka fitar da jerin. Sun bi hanyar kaso, rukuni-rukuni bisa girman jirgi da kujera, suka kuma kafa shinge na wasu shekaru: 747 ta zauna hannun 'yan Northwest, 777 hannun 'yan Delta. Inda na faɗa bai yi nisa da hanya ta biyu da ya zana mini ba. Na ga sunayen mutanen da aka ɗauka bayana suna gabana, raina bai so ba, amma ban girgiza ba, don na riga na ga lambar a takarda wata biyar kafin nan.

Shawarar da ta fi kowace amfani ƙarama ce. A lokacin lambata ta isa in zama kyaftin a DC-9, can ƙasan layi, zaman jiran kira, wato ba ka da jadawalin tafiya sai an neme ka. Zuciyata tana so, wa ba ya son igiya huɗu a kafaɗa? Mahaifiyata tana raye a lokacin, ina son ta ji an ce ɗanta kyaftin ne. Ya ce in duba farashin mai, wanda ya kai dala 147 ganga a Yulin shekarar, in duba shekarun jirgin, in tambayi kaina wane jirgi za a fara ajiyewa. In aka ajiye, sabon kyaftin na ƙasa shi ake mayarwa kujerar dama, wataƙila a jirgin da bai kai wanda ya bari ba. Ya kuma tuna mini dokar da aka sa wa hannu ranar 13 ga Disambar 2007, wadda ta ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65. Ya ce ta ba ni ƙarin shekara biyar na albashi mafi tsoka a ƙarshen aiki, amma ta toshe layi, don manyan da ya kamata su tafi za su zauna har ƙarshen 2012. Na haƙura na zauna a A330. An yi ta rage DC-9 kamar yadda ya faɗa, har aka sallami na ƙarshe a Janairun 2014. Ni kuma na hau kujerar hagu a A320 lokacin da ƙasa ta yi ƙarfi a ƙarƙashina. Mahaifiyata ba ta kai ga ji ba, Allah ya jiƙanta. Wannan ba ya cikin jadawali.

Yanzu inda ya yi kure.

Rahoton ya ɗauka cewa asusuna zai riƙa haihuwar kashi 8 cikin 100 duk shekara, a miƙe kamar titin jirgi. Ya ba ni shi a watan Yuli. Ranar 15 ga Satumba bankin Lehman Brothers ya rushe, kafin Maris na 2009 kasuwar hannun jari ta zubar da fiye da rabin darajarta daga ƙololuwarta. Ba na zarginsa da rashin sanin gaibu. Ina zarginsa da rashin sa shafi ɗaya da zai ce, ga yadda abin zai kasance in shekaru suka yi muni. Wanda ya zana mini hanya uku a kan layi, me ya hana shi zana uku a kan kasuwa? Da na buga masa waya hankalina a tashe, ya ce kada in taɓa komai, in ci gaba da zubawa. Daidai ne, amma a waya ya faɗa, ba a rahoton da na biya ba.

Sannan hannun jari. A yarjejeniyar an ba matuƙa kaso a sabon kamfanin, kashi 3.5 ga 'yan Delta, kashi 2.38 gare mu. Ya ce in sayar da nawa da zarar ya shigo hannu. Hujjarsa ita ce albashina, fanshona da inshorar lafiyata duk igiya ɗaya ta ɗaure su, kada in ƙara ɗaura ajiyata a kanta. Ya kawo misalin ma'aikatan United da suka mallaki kashi 55 na kamfaninsu a 1994, fatarar 2002 ta share shi. Na sayar. Hannun jarin ya faɗi ƙasa da dala 4 a Maris na 2009, na yi ta yi wa kaina barka. A 2015 ya haura dala 50. Hajiya ba ta taɓa barin wannan maganar ta kwanta ba. Ni dai har yau ina ganin hujjarsa mai kyau ce, sakamakon ne ya zo a karkace. A layin rabon riba kuma sifiri ya rubuta, da ɗan bayani a gefe cewa kamfanin jirgi ba ya riba mai ɗorewa. A Fabrairun 2020 kaɗai kamfanin ya raba wa ma'aikata dala biliyan 1.6. Mutumin da fatara ta ƙona, ko toka ya gani sai ya ja da baya.

Babban giɓin ba na lissafi ba ne. Rahoton an yi shi ne don Ba'amurke mai mata ɗaya, yara biyu, kare ɗaya, da gida a bakin tafki. Da na ce masa kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da nake samu gida yake tafiya, kuɗin makaranta, asibiti, biki, rasuwa, sai ya sa shi a layin kyauta, ya ce abu ne da za a iya yankewa in an matsu. Na ce masa a wurinmu wutar lantarki za a fara yankewa kafin wannan. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Da na ce ba na son kuɗina ya shiga takardun bashi masu kuɗin ruwa, ko kamfanonin giya da caca, ya ce bai taɓa jin haka ba, zai bincika. Bai bincika ba. Wani likita ɗan Pakistan a masallacinmu ne ya nuna mini asusun Amana, mai zuba jari bisa shari'ar Musulunci, da yadda zan kai gare shi ta cikin 401(k) ɗina. Zakka kuwa ko a hanya bai taɓa gamuwa da ita ba. Gado ma haka: dokar Amurka ta ce matarka ce magajiyar asusun gaba ɗaya, sai in ta sa hannu a gaban shaida ta yafe. Mai son a raba bisa shari'a dole ya tsara abinsa da lauya tun yana raye. Bai ɗaga wannan ba ko sau ɗaya, kuma aikinsa ne ya ɗaga.

Na koma a 2020, lokacin korona, da kamfani ya yi tayin ritayar wuri, wajen matuƙa 1,800 suka karɓa. Ina da shekara 61 da 'yan watanni, irina ake nema. Na tarar shagon tabarau yana nan, ofishin babu. Wani babban kamfani ya saye shi, tsohon ya tafi kamun kifi. Wanzami ba ya son jarfa, amma ga shi shi ma an haɗe shi. Ta kwamfuta na gana da wani saurayi mai fararen haƙora, wanda bai san bambancin zaman jiran kira da jadawalin tafiya ba. Minti goma ya yi a kan tambayata, minti arba'in a kan dalilin da zai sa in kwaso asusuna in damƙa musu, su riƙa cire kashi 1 cikin 100 duk shekara, in kuma sayi wata inshorar biyan wata-wata. Na tambaye shi nawa ne ladansa a kan inshorar. Ya yi ta kewaye-kewaye. Kashi 1 yana da daɗin ji, amma a kan dala miliyan ɗaya dala 10,000 ne, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Tsohon dala 1,500 ya karɓa sau ɗaya.

Na rufe kwamfutar, na ɗauko koren fayil, na bi hanyar tsohon da kaina: hanya uku, mai kyau, matsakaiciya, mummuna. Abubuwa biyu suka tsayar da ni a aiki. Inshorar lafiya ta gwamnati ta tsofaffi sai a 65 take farawa, cikakken kuɗin tsufa na gwamnati kuma ga wanda aka haifa a 1958 sai a shekara 66 da wata 8. Na zauna. A Maris na 2023 aka amince da sabon kwantiragi mai ƙarin kashi 18 nan take, na ci watannina na ƙarshe a kansa. Ba wayona ba ne, rabo ne. Da cutar ta ƙara shekara biyu, da waɗanda suka tafi ne masu dariya.

Ga abin da na gaya wa yaron da na kira shi. Ya je, amma wurin mai karɓar kuɗi sau ɗaya, kuma tambayar farko ita ce, "Ban da abin da zan ba ka, wa kuma ke biyanka?" In aka fara da jadawalin kuɗin awa, ya tashi ya tafi, wannan kyauta ƙungiya ke rabawa. Ya nemi a rubuta masa mummunan zato a kan layi da kan kasuwa duka. Ya tambayi abin da ke faruwa da kuɗin da kamfani ke zubawa in ya kai rufin haraji, wanda a 2025 dala 70,000 ne a shekara, don matuƙan yanzu suna kaiwa, mu a da ba ma ko hango shi. Ya sa a karanta masa sashen inshorar rasa lasisi, tunda bayan shekara 40 duk wata shida kyaftin ke zuwa gaban likita, kuma mai ofishin nan da kansa ta nan aikinsa ya ƙare. Maganar gida, zakka da gado kuma ya kai wa malami da lauya, kada ya sa ran samunsu a can. Tsohon ofishin, in da ana ba da maki, huɗu cikin biyar zan ba shi. Wanda ya gaje shi ɗaya, shi ma don sun amsa waya da wuri.

Ya ce, "To Kawu, a ƙarshe haɗewar ta amfane ka ko ta cuce ka?"

Na ce masa KLM ta daina zuwa Kano a 2012, hanyar tuwona ta toshe. Amma Delta tana zuwa Legas daga Atlanta tun 2007, a 2018 kuma ta buɗe ta New York. New York mazauni ne da manya ke gudu saboda tsada da cunkoso, don haka lambata ta isa kujerar hagu ta A330 a can tun kafin ta isa a Detroit. Na karɓa, ina tashi daga gida in kwana a wani ɗaki da muke haya mu shida kusa da filin jirgi, ina da shekara sittin da ɗoriya. Ranar da na fara ratso sararin Najeriya a kujerar hagu, mai kula da zirga-zirga ya ji sunana da harshena a rediyo. Bayan ya ba ni izinin sauka ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Sannu da zuwa, Kyaftin." Mataimakina, wani yaro ɗan Ohio, ya juyo ya tambaye ni ko sabon umarni ne, ya rubuta?